Tasoshin Ya Zainaba a Gidajen Baƙi

Ranar Litinin da safe Fanta ta tsaya a bakin ƙofar lakwal, idonta a kan hannuwan iyayen yara. Mota ta tsaya, a sauke yaro da jakarsa da gorar ruwansa, a ɗaga mata hannu, mota ta wuce. Har aka kaɗa ƙararrawa, tasa biyu kacal suka dawo cikin bakwai.

Lakwal ɗin ƙaramar makaranta ce a gefen hanyar Tanut, ta ƴaƴan baƙin da aiki ya kawo Damagaram. Yara goma sha tara ne, babu wanda ya haura shekara takwas, kuma Fanta ce ke dafa musu abincin rana shekara shida ke nan. Kowace shekara direktiris, wato shugabar lakwal ɗin, Madam Odil, ƴar Beljik, takan ware Asabar guda ta bikin al'adun duniya, kowace ƙasa ta kafa teburinta ta zuba abincinta. Bara teburin Nijar ya sha kunya. Turkawa sun zo da farantan jan ƙarfe masu zane, ita kuwa Fanta a robar kasuwar Dole ta zuba burabusko. Shekara guda abin yana cin ranta.

Bana sai ga dama ta faɗo mata a cinya. Yayarta, Ya Zainaba, za ta aurar da ƴarta Zakiyya, ta ba Fanta tasoshin gidansu ta goge kafin ranar jere. Tasoshin tagulla ne guda bakwai, kakarsu ta zo da su daga Borno, kuma duk amaryar da aka yi a dangin sai an jera mata su a ɗaki sun yi mako guda, dangin ango sun ƙirga, sannan su koma akwatin Ya Zainaba. Ita kuwa Ya Zainaba irin matan nan ne da in suka yi gyaran murya, kajin tsakar gida ke neman wajen ɓuya. Fanta ba ta tambaye ta ba. Ta ce a ranta ai yini ɗaya ne.

Ranar biki tasoshin suka kashe kasuwar kowa. Sun sha toka da lemun tsami har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Aka yi ta ɗaukar hoto, matar Baturke ta zagayo sau uku tana taɓawa. Daɗi ya kwashe Fanta. Da aka tashi, sai ta yi abin da kowace ƴar halak take yi wa baƙon da ya yaba girkinta: ta cika kowace tasa da burabusko da nakiya, ta rufe da faifai, ta miƙa wa gida bakwai su tafi da shi. Ko a mafarki ba ta kawo cewa akwai mutumin da ba a gaya masa kwano yana komawa gidansu ba.

Ƴan Senegal sun dawo da tasu cike da shinkafa da kifi. Turkawa sun dawo da tasu cike da wani abu mai zuma. Sauran biyar shiru. Jere kuwa ranar Asabar mai zuwa.

Ranar Litinin ɗin da rana, tana zuba wa yara taliya, ta fara bincike cikin dabara. Yaran nan sun fi iyayensu jin Hausa, don a bakinta suka koya. Ta tambayi Lina, ƴar Bajamushen da ke haƙa rijiyoyi, ko sun ci nakiya. Lina ta ce sun ci, kuma babanta ya ajiye kyautar a falo inda kowa zai gani. Da jin kalmar kyauta Fanta ta tsayar da ludayi. Ɗan likitan Kuba ya ce babansa ya kifa tasu yana kaɗawa da cokali biyu, maƙwabta har sun yi magana. Ming, ƙaramin ɗan ƙasar Sin, ya ce kakarsa ta zuba ruwa a tasu ta saki jan kifi biyu, kuma sun fi walwala yanzu.

Sai tagwayen Kanada, Hasana da Usainar lakwal kamar yadda Fanta ke kiransu, suka ce cikin murna ai Biskit yana son tasu sosai, a nan yake shan ruwa.

Fanta ta san Biskit. Yakan leƙo ta tagar mota da harshe a waje. Ta ajiye ludayi, ta nemi kujerar yara ta zauna, gwiwoyinta har haɓa.

Ta biyar ba ta buƙaci bincike ba. Tana kan teburin Madam Odil a biro, wato ofishinta, an zuba mata makullai da hatimi da alli.

Da yamma ta kai kuka wajen Sallau, direban motar lakwal, mutumin garin Dogo, wanda bai taɓa barin bala'in wani ya wuce bai ɗanɗana ba. Ya yi dariya har ya riƙe taya. Da ya huta ya ce ta je ta ce su ba ta kayanta, ai baki gare ta.

“Ni?” in ji Fanta. “In bi kwano gida-gida kamar mai sayar da ƙosai? A ce ƴar gidan Modu ta ba baƙo abinci ta bi shi da roƙon tasa? Gara a kore ni.”

“To ki sace.”

“Gidan da akwai kare?”

“To ki gaya wa Ya Zainaba.”

Ta dube shi kawai. Shi ma ya yarda wannan ba shawara ba ce.

Ranar Talata ta gwada nuni. Ta shiga biro ta gaida Madam Odil gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Beljik, duk idonta a kan tasa. Da ta ga ba a gane ba, ta haɗa ɗan Faransancinta na madafa ta ce wannan tasa tana kewar ƴan uwanta. Madam Odil ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba ta taɓa jin magana mai daɗi haka ba. Ta ɗauko littafi ta rubuta, ta ce za a manna a bango.

Ranar Laraba ta sake dabara. Ta tashi tun asuba ta yi dambun zogale, ta zuba a roba biyar ta aika gidajen nan, da tunanin in sun zo mayar da roba za su tuna da tagulla. Washegari robobi biyar suka dawo a wanke tas, har da ƴar takardar godiya a cikin ta Jamus. Ashe sun san ana mayar da kwano. A wajensu roba aro ce, tagulla kuwa kyauta.

Kullum bayan la'asar wayarta sai ta yi ƙara. Ya Zainaba ba ta ɓata lokaci a gaisuwa, tambayarta ɗaya, an goge? Fanta ta ce ana kan gogewa. Ya Zainaba ta ce tasa bakwai ko ganuwar Birni take gogewa? Ta kuma tuna mata cewa gwaggon ango, Gwaggo Hajara, za ta taso daga Tirmini takanas, kuma matar nan ta taɓa ƙirga cokulan wata amarya a gaban jama'a ta ce saura ɗaya.

Ranar Alhamis Fanta tana yanka albasa, sai ta hangi maganarta ta Talata an manna a bango da manyan haruffa, yara sun zana tasa tana hawaye. Ta daɗe tana kallo. Mutanen nan, ta lura, ba abin da ba za su yi ba in aka ce musu al'ada ce. Bara an ce musu a cire takalmi a teburin Turkawa, har likita ya cire safa.

Ta wanke hannu ta nufi biro. Ta ce wa Madam Odil ta manta ba ta bayyana musu rabin al'adar ba. A gidajen Barebarin Damagaram, in aka ba baƙo tasa, to ya zama dangi, kuma idan ta kwana bakwai a gidansa dole ya ɗauko ta a ka ya kai ta ta gaida amarya. Ga shi kuwa an yi dace, jibi akwai amarya.

Madam Odil ta miƙe tsaye don murna. Ta ce wannan shi ne abin da take nema wa yaran nan tun da ta zo ƙasar, al'ada mai rai, ba ta kan tebur ba. Ta tambaya ko akwai waƙa. Fanta ta ce akwai, tana jin bakinta yana faɗa ba da izininta ba. Ta tambaya ko akwai rawa. Akwai. Nan take aka rubuta wa iyaye sanarwa a waya, kafin azahar gida biyar sun amsa suna godiya.

Yinin Juma'a kaf a filin wasa ya ƙare. Fanta ta ƙago waƙa a tsaye, baiti biyu, tasa ta zo gaida amarya, amarya buɗe ƙofa, ta ɗora mata muryar da take yi wa jikokinta. Yara sha tara suka yi layi da littattafai a ka suna juya kafaɗa. Mushe Idris, malamin ƴan aji biyu, haifaffen Birni, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce shi fa shekararsa arba'in bai taɓa jin wannan ba. Fanta ta ce harkar mata ce, me ya kai shi. Da rana ya ga cinyar kaza biyu a farantinsa, bai sake magana ba.

Sallau kuma ya ga ba zai bari a yi babu hannunsa ba. Ya ja iyaye maza gefe ya gaya musu, da fuskar liman, cewa namiji da baya yake shiga gidan amarya, kuma ba a dariya. Bajamushe ya rubuta a waya.

Shirin Fanta mai sauƙi ne. Ɗakin amarya yana unguwar Garin Malam, gidan ango Safiyanu. Za ta tare motar a bakin layi da hantsi kafin mata su taru, yara su yi waƙarsu ga Zakiyya ita kaɗai, ta karɓe tasoshi, ta ba baƙi lemo, Sallau ya kwashe su. Ya Zainaba ta zo ta tarar da bakwai a jere.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne Madam Odil ba ta fita da yara sai an ƙirga su sau biyu, an shafa musu man rana, an kai kowa bayi. Motar da za ta iso ƙarfe tara ta iso sha ɗaya da rabi. Lokacin tsakar gida ta cika maƙil, mata sun baje kan tabarmi, turaren wuta ya turnuƙe, Ya Zainaba tana zaune kan kujera a ƙofar ɗaki, Gwaggo Hajara a gefenta da carbi. A kan kantar jere da ke cikin ɗakin kuwa tasa biyu ne, kuma sau huɗu Fanta tana cewa sauran suna hanya.

Sai aka ji waƙa daga waje.

Fanta ta ruga zaure, amma ta makara. Yara suka shigo biyu-biyu suna juya kafaɗa. Bayansu Madam Odil cikin atamfa, tasa a ka, hannu biyu riƙe. Bayanta kakar Ming, ƴar tsohuwa kamar a hura ta faɗi, tana tafiya a hankali don kada ruwa ya zube, ashe da kifayen ta taho. Uwar tagwaye ta biyo. Daga ƙarshe Bajamushe da likitan Kuba suka shigo da baya, fuska a murtuke, har Bajamushen ya taka wutsiyar akuya bai yi dariya ba.

Gida ya yi tsit, in ban da yaran da ke ta cewa amarya ta buɗe ƙofa. Ya Zainaba ta dubi tasoshin kakarta ɗaya bayan ɗaya a kan kawunan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Sannan ta juyo da kai a hankali ta nemo Fanta. Fanta ta sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa tana kallo.

Gwaggo Hajara ta tsayar da carbi ta tambayi wannan kuma mene ne. Madam Odil ta matso ta durƙusa da ƙyar, ta yi jawabi da Faransanci cewa abin alfahari ne a gare su a sa su cikin tsohuwar al'adar gidan nan, wata ƴar boko cikin ƴan biki ta fassara. Duk ido ya koma kan Ya Zainaba. A gaban dangin ango, da baƙi cike da gida, hanya ɗaya ce ta rage mata.

“Haka muke yi,” ta ce. “Tun Borno.”

Gwaggo Hajara ta gyara zama. Ta ce ai su ma a Tirmini suna yi, sai dai nasu baƙin sun fi haka yawa, bana ne damina ta hana su zuwa.

Guɗa ta tashi. Aka karɓi tasoshi, aka juye kifaye a bokiti, aka jera bakwai a kan kantar jere suna walƙiya. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma, aka kawo waina da alkaki. Likita ya karɓi ƙwarya daga hannun masu kiɗa ya nuna abin da ya iya. Zakiyya tana leƙowa ta ƙarƙashin mayafi tana dariya har kafaɗunta na rawa. Fanta ta ji numfashinta ya dawo karo na farko cikin mako.

Da azahar ta gabato Madam Odil ta tafa hannu, yara suka yi layi. Sai kakar Ming ta miƙe, ta shiga ɗakin amarya, ta ɗauko tasarta daga kantar jere ta rungume. Likita ya bi bayanta. Uwar tagwaye ma. An kawo tasa ta gaida amarya, ta gaisa, yanzu za a koma gida. Fanta ba ta taɓa gaya musu abin da ke biyo bayan gaisuwar ba.

Gwaggo Hajara ta fara ƙirga abin da ya rage a kantar jere da bakin carbi. Ya Zainaba ba ta motsa ba, ta dai ce, a hankali yadda Fanta kaɗai za ta ji, in tasa ɗaya ta fita zauren nan, Fanta ta bi ta, duk ƙasar da ta tafi.

Fanta ta tsallake tabarmi uku ta riga su zaure. Ta tsaya a ƙofa ta buɗe hannuwa. Nan babu dangin ango, daga ita sai baƙi sai Sallau da ya jingina da bango yana jiran kallo. Ta fuskanci Madam Odil.

“Madam, abincin ne kyauta. Tasar ba tawa ba ce, ta yayata ce, ban ma tambaye ta ba. A nan in an ba ka abinci, kwano komawa yake yi. Waƙar nan jiya na ƙago ta.”

Madam Odil ta yi ja har kunne. Ta tambaya me ya sa ba ta faɗa ba tun Litinin. Fanta ta ce ba a faɗa. Madam ta ce to ta yaya mutum zai sani? Fanta ta ce uwarsa ke gaya masa. Likita ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka biyo, har Bajamushe, wanda ya juyo ya tambayi Sallau ko shiga da baya ma babu shi. Sallau ya ce wannan kam na gaske ne.

Suka miƙo tasoshi ɗaya-ɗaya suna ba da haƙuri. Kakar Ming ce ta yi gardama, sai da jikanta ya yi mata dogon bayani, ta ce to an ji, amma kifayen sun zama na amarya, ba za ta koma da su cikin bokiti kamar mai talla ba. Tagwaye kuwa suka ɓata fuska, suka koma tsakar gida suka tambaya da Hausa tsantsa, da ƙarfi, yanzu Biskit a ina zai sha ruwa.

Gwaggo Hajara ta tambayi wane ne Biskit.

“Wani ɗan gidansu ne,” in ji Fanta. “Ba ya jin daɗi, bai zo ba.”

Gwaggo ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Da motar lakwal ta tashi, Fanta ta kwashe tasoshin gaba ɗaya ta kai bayan ɗaki, wai sun yi ƙura. Ta riga ta rikice wacce ce ta Biskit, don haka kowace ta sha wanki bakwai har da ƙasa. Tana cikin na ƙarshe ta ga ruwa yana tsiyaya ta gefen guda. Ta ɗaga wa rana. Ƙaramin rami ne a leɓen tasar, zagayayye tsaf, aikin mai haƙa rijiya. Ashe Bajamushe a bango ya rataye tasa.

Ba yadda za ta yi. Ta jera su, ta juya ramin ya kalli bango. Gwaggo Hajara ta shigo ta ƙirga bakwai, ta sake ƙirgawa, sannan ta fara ɗagawa ɗaya-ɗaya tana juyawa. Ta zira tsinken sakace a ramin ta ɗago kai.

Ya Zainaba ta karɓi tasar ta duba, fuskarta ko gezau. Ta ce harbi ne, a hanyar tahowa daga Borno, wannan tasar ce ta tare wa kakarsu. Gwaggo ta yi salati ta mayar da ita da hannu biyu, ta sa ta a gaba.

Sai da aka yi la'asar, mata suka ragu, Ya Zainaba ta kira Fanta gindin dalbejiya. Fanta ta tafi tana shirya wuya. Yayar tata ta daɗe tana tauna goro. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce Gwaggo Hajara ta same ta da magana: ƙanwar ango za ta yi aure a Tirmini bayan Sallah, kuma tunda yanzu an zama ɗaya, suna son a yi musu al'adar nan yadda aka yi a nan, da waƙa da komai, kuma baƙin su kai goma sha biyar don ta riga ta faɗa a gaban mutane.

Fanta ta ce ai gidajen yaran lakwal ɗin duka da ƙyar su kai haka, kuma yanzu sun san gaskiya.

“Wannan ke ta shafa,” in ji Ya Zainaba. “Tasoshina ba za su sake kwana a waje ba, ki nemi naki. Kuma waƙar ta yi gajarta, ki ƙara baiti.”